Tambaya: ta yaya Majalisar Ingila ta tara kuɗin biyan sojojinta a yaƙin basasar 1642?

Tsohon Malamin Haraji ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shekara goma sha huɗu na yi ina yankan rasit a kasuwa da tasha ƙarƙashin sashen kuɗin shiga na wata ƙaramar hukuma, kafin na ajiye aikin na koma karatu da girmana. Yanzu a kwas ɗinmu na tarihin Turai mun iso yaƙin basasar Ingila, wanda aka gwabza tsakanin Sarki Charles na ɗaya da Majalisa tun daga watan Agustan 1642. A aji an fi ba da ƙarfi ga fagen fama, wa ya yi nasara a karon Naseby na 1645, wa ya gudu. Ni kuwa hankalina ya tsaya ne a kan kuɗi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tumatir da hantsi, bai yi ciniki ba, kana neman ya ba ka kuɗin rasit, ya san yanka haraji a takarda daban, karɓarsa daban. Ni ina da doka a bayana, ina da katin aiki a wuya, in ta ɓaci akwai ɗan sanda, amma wata rana haka zan koma ofis da rabin littafi ba a yaga ba. To ita wannan Majalisa, sarki ya bar mata Landan, baitulmali nasa ne, kuma a tsarinsu doka ba ta zama doka sai ya sa hannu. Ƙari a kan haka, su ne suka yi ta kuka da harajin jiragen ruwa da sarki ya ɗora ba da yawunsu ba, har John Hampden ya ƙi biyan sule 20 aka je kotu a 1637.

Da wane ido suka dubi talakawa suka ce a kawo kuɗi? Wane ne ya bi gida-gida? Kuma kuɗin ya isa hannun soja kuwa? Masana ku taimaka mini.

Mai Alli ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Ka kama bakin zaren, domin a ganina a nan aka ci yaƙin tun kafin a je Naseby.

Da farko ba su yi gangancin cewa haraji ba. A watan Yunin 1642 roƙo suka yi: mai kuɗi ya kawo, mai kwanukan azurfa ya kawo a narkar, mai doki ya kawo doki, duk a matsayin bashi da ruwa kashi 8 cikin 100. Mutanen Landan sun yi tururuwa zuwa Guildhall, zauren hukumar birnin, har mata suna kai zobba da 'yan kayan ɗinkinsu na azurfa. Kowa yana zaton karo ɗaya za a yi a gama. Da aka yi karon Edgehill a watan Oktoba ba wanda ya kayar da wani, sai aka gane tafiyar mai nisa ce, kuma mai bayarwa don ra'ayi ba ya bayarwa sau biyu.

Daga nan roƙo ya koma tilas. A Nuwamban 1642 aka kafa kwamiti da ya riƙa zama a wani zaure a Landan mai suna Haberdashers' Hall, aikinsa bin waɗanda suka ƙi ba da bashin nan, a yanka musu wani kaso na dukiyarsu. Sai shekarar 1643, wadda John Pym, jagoran Majalisar, ya shimfiɗa tsarin gaba ɗaya kafin ya rasu a watan Disamba. A Fabrairu aka kawo harajin mako-mako, Landan kaɗai aka yanka mata fam 10,000 kowane mako. A Maris aka yi dokar riƙe dukiyar magoya bayan sarki, a karɓi hayar gonakinsu, daga baya aka yarda a bar wa mata da 'ya'ya kashi ɗaya cikin biyar. A Yuli kuma aka kawo harajin kayan masarufi, wanda suka koya daga Holan. Tunda babu sa hannun sarki, sai suka riƙa kiran waɗannan dokoki odinans, suna cewa larurar kare ƙasa ce ta halatta su.

Game da wanda ya bi gida-gida, nan ne wayon yake. Majalisa ba ta tsaya ƙididdige dukiyar kowa daga Landan ba. Jimla take yanka wa kowace gunduma, ta ce ku san yadda za ku yi. A kowace gunduma akwai kwamitin masu faɗa a ji da ke goyon bayanta, su sai su raba jimlar ga yankuna, yankuna su raba ga ƙauyuka. A ƙauye, mutum biyu ko uku na gari su ne za su zauna su yanka wa kowa gwargwadon gonarsa da dukiyarsa, kwanstabul ɗin ƙauye ya bi ya karɓa. Shi wannan kwanstabul ba ma'aikaci ba ne mai albashi, manomi ne ko mai sana'a da ake ɗora wa aikin na shekara guda. Wanda ya ƙi biya a kama saniyarsa ko tukunyarsa ta tagulla a sayar, a mayar masa da rarar. In gari duka ya taurare, kwamiti ya turo mahaya.

Abin da zai ba ka mamaki, wannan dabara ta yanka jimla ita ce ainihin dabarar harajin jiragen ruwan da suka la'anta. Bambancin shi ne nauyi. Na sarki bai wuce kimanin fam 200,000 a shekara ba. Na Majalisa da ya koma na wata-wata ya kai fam 60,000 a wata a 1647, ya kai 90,000 a 1649, daga baya har 120,000. Lissafa da kanka.

Akanta Na Biyu ya amsa:

Malam Mai Alli ya yi bayanin tarawa, bari in ɗan taɓa ɓangaren riƙon kuɗin, tunda shi ne sana'ata. Gaskiya shekaru biyun farko abin ba tsari. Babu asusu ɗaya. Haberdashers' Hall da nasa ma'aji, Goldsmiths' Hall inda masu goyon bayan sarki ke biyan tara su fanshi gonakinsu da nasa, ofishin harajin masarufi da nasa, kowace gunduma da nata. Mafi yawan abin da aka tara a gunduma bai taɓa ganin Landan ba, a nan take kwamiti ke kashe shi a kan sojojin da ke tsaron garinsa. Ga kuma sojojin Sikotlan da aka ɗauko a ƙarshen 1643 bisa alkawarin fam 30,000 a wata. A 1644 sai da aka kafa kwamiti na musamman don binciken asusun ƙasa, William Prynne na cikin jiga-jigansa, amma sun fi shahara da rigima da kwamitocin gundumomi a kan kawo gyara.

Gyaran gaske ya zo a Fabrairun 1645 da aka kafa sabuwar runduna ta mutum 22,000 ƙarƙashin Sir Thomas Fairfax. An keɓe mata harajin wata-wata na fam 53,000 da ɗoriya daga Landan da gundumomin gabas da kudu maso gabas, inda Majalisa ke da cikakken iko. An naɗa ma'ajin yaƙi daga cikin attajiran Landan, aka kafa kwamitin runduna wanda Robert Scawen ya shugabanta, shi ke sa hannu kafin kuɗi ya fita. Kuma saboda haraji ba ya shigowa ranar da aka yanka shi, sai birnin Landan ya ba da bashin fam 80,000 don a fara, a biya daga harajin in ya shigo. Wannan shi ne abin da sarki bai samu ba: attajirin da zai ba ka kuɗi yau saboda ya yarda harajin gobe zai shigo, musamman da yake shi da kansa ke riƙe da akwatin.

'Yar Bariki ta amsa:

Baba, tambayarka ta uku ce ta sa na kasa wucewa. A bariki na tashi, na san yadda gida yake zama idan wata ya mutu albashi bai fito ba, na san fuskar mahaifiyata idan za ta je wurin mai kanti karo na uku a rubuta mata. Don haka da na karanta tarihin nan, ba janar-janar na gani ba, matan sojojin na gani.

Sojan ƙasa kwabo 8 ne albashinsa a rana, sojan doki sule 2, kuma daga ciki zai ci, mai doki ya ciyar da dokinsa. A 1645 sabuwar rundunar ta samu biya fiye da sauran, shi ya sa ba ta cika wawashe kayan mutane ba. Amma da Majalisa ta ci yaƙi a 1646, mutane suka ja hannu da biyan haraji, suna ganin ai an gama. Zuwa Maris 1647 sojojin ƙasa suna bin bashin mako 18, na doki mako 43. Mutumin da ya sa ransa a gaba a Naseby ya kusa shekara bai ga haƙƙinsa ba.

To me suke ci? A gidajen talakawa ake sauke su. A kawo maka soja biyu ko uku, ka ba su wurin kwana da abinci, dawakinsu su cinye maka ciyawa, a ba ka 'yar takarda wai za a biya ka wata rana. A wurare da yawa wannan saukar dole ta fi harajin kansa cin mutane. Kuma abu ne da Majalisa ta sa sarki ya amince da haramcinsa tun 1628. Shi ya sa a 1645 manoma a Dorset da Wiltshire da Somerset suka ɗauki kulake suka ce ba ruwansu da kowane ɓangare, a bar musu shanunsu, har sai da Oliver Cromwell, ɗaya daga cikin kwamandojin Majalisa, ya tarwatsa taronsu a tudun Hambledon.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda Majalisa ta yi da sojojin. Sun rubuta koke cikin ladabi: a biya su, a kula da matan waɗanda suka mutu da marayunsu, a kare su daga shari'a a kan dawakin da suka karɓa bisa umarni lokacin yaƙi. Ɓangaren Denzil Holles, wani jigo a Majalisar, ya sa aka ayyana masu koken a matsayin maƙiyan ƙasa. Aka ce a sallame su da kuɗin mako shida, daga baya aka ce takwas, ko su tafi yaƙi Ailan. Nan rundunoni suka zaɓi wakilansu, a watan Yuni wani ƙaramin hafsa mai suna Joyce ya je Holdenby, inda ake tsare da sarki, ya ɗauke shi daga hannun masu tsaron Majalisa, a Agusta runduna ta shiga Landan. A Disambar 1648 suka dawo, suka nemi birnin ya biya fam 40,000 na bashin haraji, suka kwashi kuɗin Majalisa da ke ajiye a zauren Weavers' Hall, suka kuma tsaya a ƙofar Majalisa suna hana 'yan majalisar da ba sa so shiga. Ranar 30 ga Janairun 1649 aka sare kan sarki. Ban ce bashin albashi kaɗai ya jawo wannan ba, akwai addini akwai siyasa, amma da shi aka fara. Daga baya ma da aka ba su takardun shaidar bashi don su sayi filayen sarki, ƙananan sojoji da yawa yunwa ta sa sun sayar wa hafsoshinsu da araha.

Tsohon Malamin Haraji ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira. 'Yata 'Yar Bariki, maganarki ta taɓa ni, Allah ya jiƙan magabata ya yi wa iyaye albarka.

Tun jiya nake tunanin kwanstabul ɗin nan. Ni da na yi aikin, aƙalla da yamma ina hawa babur in bar kasuwar. Shi kuwa saniyar maƙwabcinsa zai kama, gobe su haɗu a coci, jibi a bakin rijiya. In bai kawo kuɗin ba shi za a tsare, ba a biyansa ko kwabo, kuma a garuruwan da ke tsakanin ɓangarorin biyu yau mutanen Majalisa za su zo, gobe na sarki su zo da tasu takardar. Na taɓa karɓe sikelin wani dattijo mai sayar da gero saboda bashin rumfa na wata uku, bisa umarnin ofis. Har yau in na tuna yadda ya dube ni bai ce uffan ba, sai jikina ya yi sanyi. Ina ganin a kan wannan mutumin zan rubuta aikin da aka ba mu.

Malam Mai Alli, saura harajin masarufin nan. A sanina duk harajin da ya taɓa abin da ake sawa a baki shi ya fi tayar da ƙura. Yaya mutanen kasuwa suka karɓe shi?

Mai Alli ya amsa:

Yadda ka zata, Malam. Da farko a kan giya da taba da kayan da ake shigowa da su aka ɗora shi, amma a Janairun 1644 ya hau kan nama da gishiri, wato ya shiga tukunyar wanda ba shi da ko taku ɗaya na gona. Ma'aikatansa kuma ba 'yan gari ba ne kamar kwanstabul, baƙi ne masu albashi da ke da ikon shiga rumbu da shago su bincika. A Fabrairun 1647 rikici ya tashi a Smithfield, babbar kasuwar dabbobi ta Landan, mahauta da jama'a suka banka wa ofishin harajin wuta. A watan Yuni Majalisa ta janye shi daga kan nama da gishirin gida, amma ta bar sauran.

Ɓangaren sarki ma sun kwaikwaye shi a Oxford, hedikwatar sarkin, tun 1644. An yi alkawarin na lokacin yaƙi ne kawai, amma da aka dawo da sarauta a 1660 sai aka bar harajin giya, aka ba Charles na biyu kuɗinsa.

Don aikinka, nemi abin da aka rubuta a kan littattafan asusun kwanstabul-kwanstabul na ƙauyuka. Da yawa sun tsira har yau, kuma lokacin da kwamitin binciken asusu ya nemi kowane gari ya kawo lissafin abin da yaƙi ya ci masa, mutane sun rubuta komai dalla-dalla: kwana nawa soja ya yi a gidan wane, buhun hatsi nawa doki ya ci, har da zannuwan gado da cokulan da aka ɗauke.