Neman shawara: shin tururin nukiliya na lalata wayar fibir?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni mai haɗa wayar fibir ne a nan Damagaram, a Zango nake. An yi mini tayin aiki a wajen Arlit, za a ja waya zuwa na'urorin awo kusa da inda ake tara ƙasar yuraniyom. Wani abokin aiki ya ce tururin yana makantar da fibir. Abin ya tsaya mini a rai, don ba na son in yi aikin da za a kira ni bayan wata shida a ce ya mutu. Wayar da muka saba za ta yi?

Malamin fizik, Birni: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka bai yi ƙarya ba. Zaren nan da ya kai siririn gashi gilashi ne. Idan tururin gamma, wato nau'in tururin nukiliya mai ratsa abubuwa, ya ratsa shi, sai ya ɓata tsarin gilashin, ya bar tabo masu shanye haske. Wayar ba ta tsinkewa, dushewa take sannu a hankali, kamar gilashin fitilar ƙwai da hayaƙi ya turnuƙe. Abin da aka gauraya cikin gilashin shi ne kan magana. Mai fosforas ta fi kowacce saurin dushewa, har a CERN, cibiyar binciken fizik ta Turai, da ita suke auna yawan tururi. Mai jamaniyom, irin tamu ta sadarwa, tana tsaka-tsaki. Wadda ake sawa a tashar nukiliya kuwa cikinta silika ce zalla ko mai fulorin. Cikin hasken da ake turawa a wayar, mai tsawon zangon nanomita 850 ya fi shan wahala a kan mai 1310. Kuma idan tururin ya tsaya, wayar kan ɗan farfaɗo, balle in akwai zafi.

Mai tambaya: To Malam, in ce a sayo ta musamman ke nan?

Malamin fizik: Kada ka yi gaggawa. Ƙasar ma'adini daban, cikin tukunyar nukiliya daban. Tururin ma'adini kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta. A ganina wayarku za ta yi. Amma ka nemi su rubuta maka adadin gray, wato ma'aunin yawan tururin da abu ya sha, da wurin ke samu a shekara. Ka ɗauki awon OTDR, na'urar da ke nuna yadda haske ke raguwa cikin wayar, ranar da ka gama, ka ajiye, ka maimaita lokaci-lokaci.

Tsohon ma'aikacin Akokan, kusa da Arlit: Ɗana, na yi aiki can kafin a rufe mahaƙar yuraniyom ta COMINAK a 2021. Kai ta waya kake yi, ni taka nake ji. Ƙura da iskar radon, wadda ke fita daga ƙasar yuraniyom, su ne abin kula. Ƴar na'urar awon da za su maƙala maka a ƙirji, kada ka bar ta cikin mota. Ka rufe hanci, ka wanke hannu kafin ka ci abinci, kuma kayan aikinka kada su shiga ɗakin iyali.

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode Malam. Gobe in Allah ya kai mu zan tambaye su adadin.