Ina so in bar gas in koma rishon lantarki, dan Allah a bani shawara

Maman Ilham:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah masu girki da lantarki ku taimaka min. Maigida ne ya kawo maganar mu sayar da silindar gas ɗinmu mu sayi rishon lantarki, saboda kuɗin gas kullum sai hawa yake, sannan ni kaina tsoronsa nake ji wallahi, kicin ɗina ƙarami ne taga ɗaya, ga yara suna shiga suna murɗa makunnin, ko barci nake sai na tashi na je na duba ko an rufe kan silinda. Muna Kano, wuta ba laifi a unguwarmu kuma mitarmu mai kati ce. Mu bakwai ne a gidan, kusan kullum da dare tuwo ne. Shin zai fi sauƙi ko kuwa wahala zan jawo wa kaina? Kuma wane iri zan saya, na ji ana cewa indokshan.

Abu Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Aikin wuta nake yi, toh kafin ki sayi komai ki ce maigida ya duba risit ɗin katin da yake saye ya ga wane band kuke, wato rukunin da kamfanin wuta ya sa ku gwargwadon awannin wutar da ake ba ku. Tun watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta kai yunit ɗin Band A naira 225, daga baya aka ɗan sauke ya dawo 200 da ɗoriya, banda harajin VAT. Yan Band A su ne aka ce za a ba su awa 20 a rana. Band B awa 16, C awa 12, haka har ƙasa, kuma kuɗinsu bai kai rabin na A ba. Kinga matsalar kenan, mai wuta sosai yana biya da tsada, mai biyan araha kuma ba lallai ya samu wutar a lokacin ɗora sanwa ba.

Lissafin kuma ga shi. Kilo ɗaya na gas zafin da ke cikinsa ya kai kusan yunit 13 na lantarki, amma wajen rabi a gefen tukunya yake tafiya, shi ya sa kicin yake ɗaukar zafi. Indokshan kuwa tukunyar kanta yake zafafawa, asararsa kaɗan ce, yunit 7 zai yi miki aikin kilo ɗaya. A Band A wajen naira 1,500 kenan. In kilon gas a wajenku bai kai haka ba toh babu wata riba. Hotfilet mai zagayen ƙarfen nan ya fi cin wuta, sai kin ba shi wajen yunit 9.

Abin da ya fi damuna shi ne waya. Rishon lantarki mai kai ɗaya yana jan wat 2,000, soket mai am 13 iyakarsa wajen wat 3,000, kada ki kuskura ki jona shi a ekstenshan ɗin da ake cajin waya, narkewa zai yi. Mai kai huɗu da oben sai an ja masa layinsa daban tun daga akwatin wuta, waya mai kauri 6mm da birekarsa. Gobara da yawa da na je gyara bayanta daga nan take tashi, mutane sun guje wa gas sun je sun ɗora nauyi a kan tsohuwar waya.

Anti Rabi:
Maman Ilham ni shekarun baya na sayi indokshan kuma ina jin daɗinsa sosai, ruwan shayi kafin ki yanka burodi ya tafasa, babu hayaƙi, gindin tukunya tas, in kika sauke tukunyar yana daina zafafawa da kansa, ga makullin yara a jiki. Amma abin da masu shago ba sa faɗa miki shi ne tukwanenki. Tukunyar dalma da muke tuwo da ita ba ya ma ganinta, ƙara kawai zai yi ta yi miki. Ki samu mayen ƙarfe, ko irin na jikin tsohuwar sifika, ki kara a gindin kowace tukunya, wadda ya kama ita ce za ta yi aiki, kuma dole gindin ya zama shimfiɗaɗɗe ba mai tulluwa ba. A nawa kicin kaɗan ne suka tsira.

Sai maganar tuwo, nan ne fa. Samansa gilas ne, in kika zo tuƙi kina danna muciya da ƙarfi tukunyar zamewa take yi, ki riƙe da hannu ɗaya ki tuƙa da ɗaya, tuwon mutum bakwai kuma da nauyi, ina tsoron ya tsage miki. Ni talge kawai nake yi a kai, tuƙin sai in koma gas. Abin da zan ce ki fara saye ma tukunyar firesha ce ta lantarki, wat 1,000 take ja ko kusa da haka, wake da ganda da ƙafar saniya waɗanda su ne suke shanye gas ɗin ta gama miki da su, ki rufe ki tafi sabgarki.

Baban Walid:
Hajiya dan girman Allah kada ku sayar da silindar nan. Kin manta watan Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi sama da mako a duhu? Wanda lantarki kaɗai yake da shi gawayi ya koma nema. Ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, sola kuma in ba babba kuka haɗa ba batirin zai shanye kafin shinkafa ta tsotse. Ko an kawo wutar ma wani lokaci ba ta da ƙarfi, hotfilet ya yi ta ɗumi ba tafasa.

In tsoro ne matsalar akwai gyara. A fitar da silindar waje a yi mata ɗan keji a inuwa, a huda bango a shigo da tiyo. Ki kaɗa ruwan omo ki shafa a mahaɗar tiyon da kan silindar, in kika ga kumfa tana tasowa yana yoyo, a canza. Ki duba shekarar da aka buga a jikinta, in ta wuce shekara 15 ta gama aiki.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Ya duba risit, Band B muke. Anti Rabi na gwada mayen ƙarfen, tukwanen miya ne kawai ya kama, ta tuwo ko alama. Mun tsaya a kan indokshan mai kai ɗaya da tukunyar fireshar, silinda kuma za a fitar da ita waje ranar Asabar in sha Allah. Malam Abu Sadiq soket ɗaya ne a kicin ɗin kuma firji yana kai, zai ɗauka?

Abu Sadiq:
A'a Hajiya kada ki haɗa su. A kira mai wuta ya ja sabon soket da waya 2.5mm ta jan ƙarfe zalla, ya tabbatar akwai wayar at, wato wadda take kai wuta ƙasa don kada ta ja mutum, kuma ki ce ya buɗe tsohon ya duba, in ya ga ya yi baƙi a ciki shi ma a canza shi ranar.