Sifili a kan layin da aka raba daidai

Baban Ɗalibi: Jama'a ku taya ni gani. An ba yarona layi mai tsawon santimita 8 aka ce ya raba shi biyu. Ya ɗora rula, ya sa ɗigo a kan 4, ya ja layinsa tsaf. Malaminsu ya ba shi sifili, wai bai ga sawun kamfas, abin zana da'ira, ba. Yaron ko abincin dare bai ci ba. Wannan zalunci ne, kuma kamfas ɗin nan ɓata lokacin yara ne kawai.

Malamin Lissafi: Alhaji, don Allah ka janye kalmar zalunci. Ba awo aka ce ya yi ba. Zai kafa tsinin kamfas a bakin layin, ya buɗe shi ya wuce rabi, ya zana baka sama da ƙasa, sannan ya koma ɗaya bakin ba tare da ya taɓa buɗin ba. Inda zanen bakan suka gitta juna sama da ƙasa, nan zai ɗora rula ya ja sabon layi. Kowane ɗigo a kan sabon layin, nisansa da bakin nan biyu ɗaya ne. Waɗannan zane-zanen baka su ne makin, shi ya sa muke hana yara goge su.

Hajiya Mai Shago: Zalunci ne mana, Malam. Ko rabin maki ai sai a ba shi. Amma dama malami ba ya ganin laifin malami.

Malamar Sakandare: Hajiya, azzalumi shi ne wanda ya danne wa wani haƙƙinsa. Ki ce tsanani, zan yarda. Mu da muke fama da aji maƙil, rabin yaran ba su da kamfas sai aro, mu ne azzalumai?

Hajiya Mai Shago: Ni na haifi ukun da ke makaranta, kada ki koya mini ma'anar zalunci.

Magini: Alhaji, ni da igiya da turke nake fitar da da'irar ɗaki, kuma kamfas ne wannan. Gida uku suka haɗa kuɗin rijiya, kowa na son ta kusa da shi. Na raba tsakanin na farko da na biyu, na raba na biyu da na uku, inda layukan suka haɗu aka haƙa, don nisansa da gidajen uku ɗaya ne. Rigima ta mutu.

Ɗalibin Jami'a: Euclid, masanin lissafi Bagirke, ya tsara irin wannan zane a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ustaz: Kullum Euclid! Abul Wafa fa, wanda ya rubuta wa masu sana'a littafi a kan irin wannan zane a Bagadaza, ƙarni na 10?

Ɗalibin Jami'a: Ustaz, ai bayan Euclid ya zo da sama da shekara 1,200.

Ustaz: Kun fi son na Turawa, shi ke nan.

Baban Ɗalibi: To sifilin yarona fa?

Shugaban Zaure: Na karanta duka, kuma ni ma na riƙe alli shekaru. Abin da ya fito fili shi ne malamin nan bai yi laifi ba, Magini ma ya tabbatar. Hajiya ba ta kawo hujja ko ɗaya ba. Alhaji, ka saya wa yaro kamfas mai ƙarfin tsini, ka kai shi ya ba malaminsa haƙuri. Na rufe maganar.