Neman Shawara: Likita ta Waya a Ƙauyenmu da Maganar Masu Bincike

Mai tambaya, daga Jidda: Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ni tela ne, ɗan wani ƙauye kusa da Mai Wurno a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, zuwa asibiti ya zama tashin hankali ga mutanenmu. Gwaggona, wadda ta yaye ni, ta kwana uku da zazzaɓi cikin damina, aka ɗora ta a amalanken jaki ana kutsawa cikin laka, kafin a kai titi rai ya yi halinsa. Bayan sadakar bakwai muka yi karo-karo ta Bankak, manhajar banki ta tura kuɗi a waya, aka sayi sola da waya da na'urar awon jini, kuma wani likita ɗan garinmu da ke Riyad yana duba marasa lafiya ta WhatsApp, ma'aikacin lafiyar ƙauye yana riƙe masa wayar. Yanzu wasu malaman jami'a suna son yin bincike a kan tsarin, za su kawo magunguna, su kuma kwafi littafin marasa lafiya. Na amsa musu, amma dattawa sun ƙi. Yaya zan yi?

Alhaji, daga Gadarif: Ɗana, tun farko ka yi kuskure. Waya ba ta karɓar haihuwa, ba ta ƙara wa mai kwalara ruwa. A Fabrairun 2024 layukan Zain da Sudani da MTN duk sun ɗauke, ina likitanka na Riyad a lokacin? Mota ya kamata ku saya.

Mai tambaya: Baba Alhaji, ai laka ce ta hana mu kai gwaggo, ba rashin mota ba.

Wata ungozoma, daga Sinja: Ƙanena, ba ka faɗa mana dalilin dattawan ba. Idan sunaye ne, a cire su kafin a kwafi littafin, a kuma nemi yardar kowane mutum da bakinsa. Mata ba za su faɗi ciwon mara a gaban namiji mai riƙe da waya ba, don haka ku sa sharaɗin a samo likita mace.

Wani ɗan'uwa, daga Makka: Mu ma mun tara kuɗin rijiya shekaru biyu da suka wuce, har yau ramin nan ne, akuyata ma ta faɗa ciki. Wa ke riƙe da asusunku?

Alhaji: Na ga irin waɗannan masu bincike a kan ciwon kala-azar, zazzaɓin nan mai kumbura saifa. Su rubuta, su tafi. Kada ka ba su ko shafi ɗaya.

Ungozoma: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ai likitocin Jami'ar Jazira a ƙauyuka aka horar da su, kuma talaka ya amfana.

Mai tambaya: Yaya, batun likita mace ba zai yiwu yanzu ba, shi ma wannan kyauta yake yi mana. Kuma na riga na ba malaman alkawari, ba zan iya janyewa ba.

Alhaji: To, shawarar me kake nema ke nan? Ku sayi mota.

Ɗan'uwa na Makka: Har yanzu ba a amsa mini maganar asusun ba.