Ranar farko ta malamin riƙon ƙwarya a babbar sakandare: yaya ake riƙe aji?

Sabon Malami: Assalamu alaikum malamai. An kira ni in riƙe azuzuwan wani malami da ya tafi hutun jinya, a babbar sakandare. Darasin ba ya ba ni tsoro. Abin da ke damuna shi ne tsayawa gaban matasa 35 ko 40, 'yan shekara 15 zuwa 18, waɗanda ba su san ni ba kuma sun san ba daɗewa zan yi ba. Waɗanda suka saba da wannan aiki, don Allah ku warware mini shi daki-daki.

Malamar Lissafi: Wa alaikumus salam ƙanena, barka da shigowa. Aikin yana farawa tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Ka isa da minti 30 a hannunka, ka wuce ofis ka karɓi jadawalin azuzuwa, rajistar sunaye, tsarin darasin da malamin ya bari, da taswirar zama in akwai, wato takardar da ke nuna wanda ke zama a kowace kujera. Taswirar nan ta fi komai amfani, kuma ita aka fi mantawa a ba mutum, don haka ka tambaya da bakinka. Ka tambayi kuma wanda za ka kira idan abu ya ɓaci da yadda ake kiransa, da ƙofar da ake bi idan an yi gobara, da ko akwai ɗalibi mai larurar lafiya da ya kamata ka sani.

Daga nan ka leƙa ajin da ke maƙwabtaka ka gaisa da malamin. Minti ɗaya ne, amma shi zai fara shigowa idan ya ji hayaniya.

Sai allo. Ka rubuta sunanka, kwanan wata, da aikin minti 5 wanda ba ya buƙatar bayani: tambayoyi uku daga darasin da ya gabata, ko sakin layi ɗaya a karanta a fitar da manyan batutuwa biyu. Idan ɗalibai ne ke zuwa ɗakinka, ka rubuta kafin su iso, ka tsaya bakin ƙofa kana cewa kowa, "Aiki na kan allo, a fara." Idan kai ne ke zuwa ka same su a zaune, ka riƙe aikin a rubuce a takarda, kana shiga ka kwafe shi cikin minti ɗaya. Dalili kuwa, surutu yana tsirowa ne a cikin minti biyun nan da sabon malami yake neman alli yana juya takardu. Da zarar ya tsiro, sai ka kashe minti 10 kafin ka dawo da su.

Tsohon Mataimakin Shugaba: Malama ta gama magana a kan shiri. Bari in ɗora da kiran suna, domin a nan ake fara gwada baƙo. Kada ka tsaya kana kiran sunaye 40 alhali hannun kowa babu komai. Sai sun duƙufa a kan aikin allo, sannan ka zagaya da rajista a hankali. In babu taswirar zama, ka zana layukan kujerun a farar takarda tun da farko, ka bi layi-layi kowa ya rubuta sunansa a gurbinsa. Cikin minti 4 ka sami taswira, kuma daga lokacin kana iya cewa "wane, shafi na 12" maimakon "kai mai kujerar baya". Kiran ɗalibi da sunansa yana canja komai, domin ɗalibin da ya san an san shi ya san za a iya rubuta shi.

Za su yi musayar suna, wannan tsohon wasa ne. Ba sai ka yi bincike ba. Ka sanar cewa za a karɓi aikin yau, malaminsu zai ba da maki bisa sunan da ke kan takarda. Sannan ka ƙirga kawuna ka gwada da rajista. Idan rajista ta ce 36 kai kuma ka ƙirga 34, akwai wanda ya amsa wa abokinsa. Wannan ƙidayar ba don horo kaɗai ba ce. Ranar da aka ce kowa ya fita waje, ita za a tambaye ka.

Za ka kuma ji "ai Malam yana barinmu mu zauna inda muke so", "ai Malam ba ya karɓar wannan aikin". Kada ka ƙaryata su, kada ka yarda. Ka ce, "Mai yiwuwa. Yau ga yadda za a yi, zan rubuta masa cewa kun tambaya." Shi ke nan, ka wuce.

Malamin Kimiyya: Ni a kan murya da ƙafa zan yi magana. Kada ka taɓa ba da umarni a kan surutu. Ka tsaya wuri ɗaya a gaba, ka ce sau ɗaya, "A ajiye biro, a dube ni," ka yi shiru. Daƙiƙa 15 na shiru za su yi maka kamar ba za su ƙare ba, amma ka daure, ɗaliban da kansu za su fara tsawatar wa juna. Idan ka ɗaga murya ka rinjayi tasu, ka koya musu cewa ana iya magana tare da kai, kuma kafin darasi na uku muryarka ta dushe.

Umarni ya zama gajere, da lamba da lokaci: "Shafi na 47, tambaya ta 1 zuwa ta 6, minti 12, kowa shi kaɗai, a rubuce." Ka rubuta shi a allo, ka sa mutum ɗaya ya maimaita. "Ku yi aikin nan" ba umarni ba ne, gayyatar tambayoyi ashirin ce.

Sannan kada ka zauna a teburin malami. Ka yi ta zagaye, ka fi daɗewa a layukan baya da kusa da taga. Idan ka duƙa kana taimakon ɗalibi, ka tsaya ta gefen da fuskarka ke kallon sauran aji, ba bayanka ba. Wani mai bincike ɗan Amurka, Jacob Kounin, ya nuna tun 1970 cewa abin da ya bambanta malaman da ajinsu ke tafiya daidai ba tsananin hukuncinsu ba ne, a'a, ɗalibai sun san malamin yana ganin abin da ke faruwa a kowane lungu, kuma yana tare abu tun yana ƙarami. Mafi yawan ƙananan rigingimu, zuwa ka tsaya kusa da teburin kana ci gaba da bayaninka ya isa ya kashe su.

Malam Mai Tarihi: Duk na yarda, amma ni ra'ayina, wanda ya fara yin rashin kunya a fitar da shi nan take. Saura za su shiga taitayinsu.

Tsohon Mataimakin Shugaba: Malam, a nan kam mun saɓa. Ga malamin da ya shekara da ajin, wataƙila. Ga baƙo, fitar da ɗalibi a minti 10 na farko yana jawo abu biyu. Ajin ya haɗe kai a kanka domin ka taɓa nasu kai kuwa ba nasu ba ne, kuma ka harba harsashinka na ƙarshe tun da safe. Idan na biyu ya yi, shi ma waje? Na biyar fa? Ofis za su fara tambayar ko kai ne matsalar.

Hawa-hawa ake yi. Kallo tukuna. Sai matsowa kusa. Sai magana ƙasa-ƙasa wadda shi kaɗai zai ji, a ba shi zaɓi: "Ko ka ci gaba da aiki a nan, ko ka koma kujerar gaba. Zan dawo bayan minti ɗaya." Kuma ka tafi da gaske, kada ka tsaya a kansa kana jira. Matashi a gaban abokansa ba zai sauko ba muddin idanu na kansa, amma in ka ba shi baya na minti ɗaya, galibi za ka dawo ka tarar ya buɗe littafi, ko da yana ƙunƙuni. Ƙunƙunin nan ka yi kamar ba ka ji ba. Idan ya ƙi, a canja masa kujera, a rubuta sunansa. Fitarwa sai in an yi zagi kai tsaye, ko barazana, ko abin da zai cutar da wani, kuma ofis ake kai ɗalibin da rubutaccen dalili, ba a bar shi yana yawo a baranda ba.

Abu biyu kuma da ban so ka yi: hukunta aji gaba ɗaya saboda mutum uku, da yin barazanar da ba ka da ikon cikawa. Ba kai ke ba da makin zango ba, ba kai ke kora ba, kuma sun sani.

Malam Mai Tarihi: To, na sauko kaɗan. Amma dai kada ya shiga yana neman su so shi. Fara'a daban, abota daban.

Sabon Malami: Na gode ƙwarai. Waya fa, da masu neman fita bayan gida?

Malamar Lissafi: Waya: ka tambayi dokar makarantar a ofis ka bi ta, kada ka ƙirƙiro taka. Kuma kada ka miƙa hannu ka fizge wayar kowa. In ta faɗi ta fashe, kai za a bi, in ya riƙe ya ƙi saki, ka shiga kokawar da ba za ka ci ba. Ka ce a sa ta a jaka, in ta sake fitowa ka rubuta suna.

Bayan gida: mutum ɗaya a lokaci ɗaya, ya rubuta sunansa da lokacin fita a takardar da ke teburinka, in ya dawo ya rubuta lokacin dawowa. Ba a fita a minti 10 na farko da na ƙarshe sai da larura. Wanda ya wuce minti 10 bai dawo ba, ka sanar da ofis. Amma kada ka hana gaba ɗaya, musamman 'yan mata, kuma kada ka nemi a yi maka bayani a gaban aji.

Malamar Adabi: Ba wanda ya taɓo ranar da za ka tarar babu tsarin darasi, ko an bar aikin minti 15 ga darasin minti 45. Yana faruwa sosai. Ka tambayi ɗalibai biyu daban-daban inda aka tsaya, ka duba littafin rubutun ɗaya daga cikinsu don ka tabbatar. Sannan ga aikin da ke shiga kowane fanni: su karanta shafi biyu na babin, minti 10. Kowa ya tsara tambayoyi 5 daga ciki, ya rubuta amsoshin a bayan takarda, minti 10. A yi musaya da na kusa a amsa, minti 10. Sauran lokacin ka zaɓi tambayoyi mafi kyau a yi su tare a allo. Ba ya buƙatar ka ƙware a fannin, kuma akwai abin da za ka karɓa a ƙarshe.

Idan ka yi tambaya, ka jira. Binciken Mary Budd Rowe a farkon shekarun 1970 ya gano malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal kafin su amsa da kansu ko su koma kan wani, kuma in aka kai daƙiƙa 3 amsoshi kan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru. Sabon malami ya fi kowa gaggawar nan saboda shiru yana tsorata shi.

Kada ka dogara da majigi ko kwamfutar aji. Sau da yawa kalmar sirrin tana wurin malamin da ba ya nan. Aikin rukuni kuma a bar shi sai ka san su, bibbiyu ya isa.

Malamin Kimiyya: Ƙari a kan haka: in an kai ka ɗakin gwaje-gwaje kuma ba fanninka ba ne, babu gwaji ranar, ko da yana cikin tsarin da aka bari. Ka duba bututun gas a rufe suke, kabad ɗin sinadarai a kulle, a yi aikin rubutu.

Malama Mai Ba Da Shawara: Ɗan'uwa, nawa ɓangaren shi ne abin da ba a fata. Idan faɗa ya kaure, kada ka shiga tsakani da jikinka. Ka kira sunayensu da ƙarfi ka ce su tsaya, ka tura ɗalibi ɗaya takamaimai ya kira maƙwabcinka ko ofis, ka janye saura gefe. Kai ba ka barin aji, ko na minti ɗaya.

Idan ɗalibi ya faɗi da farfaɗiya: a kawar da kujeru, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki. Ka duba agogo, ka aika a kira taimako nan take. In jijjigar ta tsaya a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5, maganar motar asibiti ce. Kada ka ba kowa magani daga aljihunka, ko na ciwon kai ne.

Kada ka keɓe da ɗalibi a ɗaki ƙofa a rufe, kada ka ba da lambar wayarka. Idan wani ya gaya maka ana cutar da shi, kada ka yi alkawarin rufa asiri. Ka saurara, ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, ka kai wa jami'in da makaranta ta ɗora wa wannan aiki a ranar.

Malamar Lissafi: Sai ƙarshen darasi, inda da yawa ke sakin jiki. Saura minti 5 ka tsayar da aiki, a miƙo takardu daga baya zuwa gaba layi-layi, ka ƙirga su a gabansu su yi daidai da yawan kawuna. Kowa na zaune har a kaɗa ƙararrawa, ba a taruwa a bakin ƙofa, domin a nan ake ture-ture kuma a nan wasu ke sulalewa.

Kafin aji na gaba ya fara, ka rubuta wa malamin layi biyar ko shida tun abin yana sabo a kanka: inda aka tsaya da lambar shafi, waɗanda ba su zo ba, waɗanda suka taimaka, da abin da ya faru. Ka rubuta abin da ka gani, ba fassararka ba. "Ya yi magana sau uku bayan gargaɗi, na mayar da shi kujerar gaba da ƙarfe 10:20" yana da amfani ga malamin, "ba shi da tarbiyya" kuwa ba shi da amfani. Ka haɗa takardun kowane aji daban da sunan ajin a sama, ka ajiye su tare da taswirar zaman da ka zana, domin gobe da ita za ka shiga.