Mentor da Hausa: ubangida, jagora ko uban raino?

1/
'Yan'uwa, wata kalma ta hana ni sakat tun makon jiya. A wurin aikinmu an fito da tsarin haɗa kowane sabon ma'aikaci da wani tsohon hannu da zai riƙa nuna masa hanya, abin da Bature ke kira mentor. Da yake yawancin masu fita ƙauyuka sun fi sakewa da Hausa, aka miƙo mini takardar in fassara. Ban yi wata-wata ba na rubuta "ubangida". Wata yarinya cikin sababbin ta karanta, ta ɗago kai ta ce, "Yallaɓai, wato ni ce zan riƙa ɗaukar masa jaka?" Ɗakin ya kwashe da dariya, ni kuwa na karɓe takardata.

2/
Kalmar dai asalinta sunan mutum ne. A tsohuwar waƙar Girkawa ta Odisi, wadda ake jingina wa Homa, sarkin Itaka zai tafi yaƙin Turoyi sai ya bar amanar gidansa a hannun wani amininsa mai suna Mentor, ga kuma ɗan sarkin, Telemakus, yana ƙarami. A 1699 wani malamin coci Bafaranshe, Fenelon, ya fitar da littafi kan tafiye-tafiyen yaron, ya mai da Mentor babban mai yi masa tarbiyya. Littafin ya karɓu ƙwarai, daga nan sunan ya zama na duk wani babba mai ɗora ƙarami a hanya, a Faransanci da Ingilishi duka. Shi ya sa 'yan'uwanmu na Zinder da Maraɗi ma kalmar ɗaya suke ji a ofis.

Ku lura, mutumin nan ba shi ya haifi yaron ba, ba kuma aiki yaron yake yi masa ba. Amana ce kawai.

3/
A nan ubangida ya faɗi. Je ka Kantin Kwari ka ga yadda abin yake: yaron shago shi zai buɗe da safe, ya share, ya sauke dila, ya je aike har gida. Ubangida ya ci da shi, ya yi masa kayan salla, in an ɗauki shekaru ya ba shi jari ya yaye shi. Ana koyon kasuwanci a ciki, babu musu, amma hidima ce ake musaya da alheri, kuma ubangida na iya kora. A siyasa kuwa kun san irin warin da kalmar ta ɗauka.

Malami ma bai zauna ba. Malami yana da darasi da lokacin tashi. "Mai ba da shawara" kuma gwamnoni sun cinye ta, kowa ya ji sai ya tuna muƙami da mota.

4/
Bari in ba ku wanda nake auna kowace kalma da shi. A aikina na farko akwai wani dattijo a sashen kuɗi, ba ma sashenmu ɗaya ba. Wata rana aka riƙe mini alawus na tafiya, na zauna na zuba wasiƙa mai zafi, har da kwafi zuwa ga darakta. Na kai masa ya duba mini Turancin. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, ya ninke ta biyu, ya jefa a aljihun teburinsa ya murɗa makulli. Ya ce, "Ɗana, wasiƙar fushi kwana take yi. Ka dawo gobe." Washegari ya zaro jan biro ya soke layi bakwai cikin goma, ya cire sunan darakta, ya gaya mini wanda ya kamata in fara gani da baki. Kuɗina suka fito a satin.

Shekara huɗu ina zuwa teburin nan. Ko ruwan leda ban taɓa saya masa ba, shi ma bai taɓa sa hannu a takardar ƙarin girmata ba. To, mene ne shi a wurina?

5/
Wani malami da na tuntuɓa ya ce murabbi. Ma'anar ta yi daidai, don daga tarbiyya take, kuma 'yan ɗariƙa sun san shehi murabbi. Sai dai in ka rubuta ta a takardar ofis, rabin mutane za su ɗauka zikiri za a fara, sauran kuma ba su taɓa jin ta ba.

Wata Hajiya ta ce me ya hana uwar ɗaki da uban ɗaki? Wannan ta tsaya mini a rai, amma ina ganin gurbinta daban. Masu nazarin harkar aiki sun raba abu biyu. Kathy Kram, a binciken da ta wallafa a 1985, ta nuna akwai taimakon da ke ɗaga mutum a aiki, kamar a ambaci sunansa, a kare shi, a ba shi aikin da za a gan shi. Akwai kuma na zuciya, wato nasiha da ƙarfafa gwiwa da zama abin koyi. Hajiya, wanda zai kira sunanki a taron da ba kya ciki, ya ce "a ba ta, na tsaya mata", wannan shi ne uban ɗaki. Dattijona bai taɓa shiga irin wannan taro ba.

6/
Da na gaji da neman sunan da zan ba dattijon nan, sai na saurari yadda muke magana in ba fassara muke yi ba. Me ake cewa a kan ɗan siyasar da ya tashi a hannun wani? "Ai rainon Malam Aminu Kano ne." "Rainon Sardauna ne." Makaniki ma zai ce maka, "Yaran garejin can duk ni na raine su." Ashe muna da abin tun tuni, a kalmar aikatau ta nahawu yake zaune, wato "raine", shi ya sa ban gan shi ba. Ni ma in za a tambaye ni dattijon nan, abin da zai fito daga bakina shi ne: shi ya raine ni a aiki.

Don haka ga abin da na tsayar. Tsarin kansa rainon aiki. Babban, uban raino ko uwar raino, a kan ƙirar uban goyo da uwar goyo. Ƙaramin, ɗan raino ko 'yar raino. Na guji "mai raino" da gangan, don wannan mai goyon jariri ce, babu injiniyan da zai yarda a kira shi haka.

7/
Tana da aibi guda, gara in faɗa kafin ku faɗa. "Ya raine ni" da "ya raina ni" harafi ɗaya ne tsakaninsu. A baki karin sauti yana raba su, a rubuce kuwa in mai buga takarda ya yi gyangyaɗi, yabo ya koma ƙorafi. Masu rubuta reno ma ba su tsira ba, tunda akwai reni. Sai dai a riƙa duba takarda sau biyu.

8/
Jagora fa? Na ajiye ta don wani wuri. A 1999 Jack Welch, shugaban kamfanin General Electric na Amurka, ya sa manyan jami'ansa su nemi matasan ma'aikata su koya musu intanet, wato aka juya abin, ƙarami ke jan babba. Mu kuwa mun san ɗan jagora, yaron da ke riƙe wa makaho sanda: shi ke gani, amma babban ne ya san inda za a je. Yarinyar da ta yi mini dariyar jaka ita ke nuna mini yadda ake haɗa taro ta Zoom yanzu, kuma ta ce in dai 'yar jagora za a rubuta a takarda, to a sa mata alawus.

'Yan Ghana da Kamaru da Sudan, yaya "uban raino" ya sauka a kunnenku? Takardar sai Litinin zan mayar.