Neman sunan Hausa ga ciwon da ke taurara tantanin tsoka

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu yi wa marasa lafiya tafinta a asibitocin Legas. Kwanakin baya na raka gwaggona daga Agege zuwa wurin likitan gaɓoɓi, ya ce yana zargin ciwon da ake kira iyosinofilik fashiyaitis, sai na rasa abin da zan gaya mata da Hausa. Ga abin da na tsayar, ina neman gyaranku.

Ciwon ba ya da yawa, kuma likitan Amurka Lawrence Shulman ne ya fara bayaninsa a 1974. Hannuwa da ƙafafu sukan kumbura, daga baya fatar ta yi tauri har ta yi kama da ɓawon lemo, amma yawanci ba ya taɓa yatsu da fuska, kuma sau da yawa yakan biyo bayan aikin ƙarfi mai tsanani. Tushen matsalar ba a fata yake ba, yana cikin farin abin nan marar kauri da ya lulluɓe tsoka.

A nan ne na fi daɗewa. Wani ya ba ni shawarar «jijiya», amma mun riga mun ɗora wa wannan kalma kaya da yawa, domin da ita muke kiran hanyar jini da kuma abin da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Wata ta ce «yana», sai dai yana abu ce da ke taruwa daga baya, kamar ta ido ko ta saman kunu, alhali wannan da shi aka halicce mu. Da na kwatanta wa wani dattijon mahauci a mayankar Oko-Oba, bai ko ɗaga kai daga aikinsa ba ya ce: «Ɗana, ai tantani kake nufi.» A ganina magana ta ƙare, tunda wanda hannunsa ke kan abu kullum ya fi mu sanin sunansa.

Iyosinofil kuwa nau'i ne na fararen ƙwayoyin jini, wanda yakan ƙaru idan mutum yana da tsutsar ciki ko asma, kuma yakan yi yawa a farkon wannan ciwo. Paul Ehrlich na Jamus ne ya sa masa sunan saboda rinin iyosin da ke kama shi. Ban ga amfanin ƙirƙira a nan ba, mu are shi yadda yake. Cikakken suna ke nan: kumburin tantanin tsoka mai iyosinofil. A gaban majiyyaci kuma, «ciwon taurin tantani» ya wadatar.

Saura ciwon lufus, wanda likitan ya ce zai bincika, domin ana ganin duka biyun garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita, kuma akan same su, ko da yake jefi-jefi, a jikin mutum ɗaya. Kalmar tana nufin kerkeci a Latin, amma ina roƙo kada mu fassara ta, domin duk wanda aka ce masa yana da «ciwon kerkeci» zai ɗauka cizo ne ko jifa, ya bar asibiti ya nufi wani wuri. Lufus ya fi kama mata, kuma yakan taɓa ƙoda, abin da ya bambanta shi da taurin tantani.

Masu jin Sakkwatanci da Hausar Nijar, shin «tantani» haka yake a wurinku, ko kuna da wata kalmar?